Ƙatuwar Talabijin a Falo: Buƙata Ce Ko Israfi?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa suna yawan tambaya: wai mutum ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi ƙatuwar filasma mai inci 65 ko 75, ya yi israfi ne?

Asali dai sayen kayan more rayuwa halal ne. Abin da ake dubawa shi ne halin mai sayen. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah Ya yabi bayinSa da cewa ba sa ɓarna wajen ciyarwa, ba sa ƙwauro, tsakatsaki suke bi. To tsakatsakin attajiri daban, na mai jiran albashin ƙarshen wata daban.

Malaman Usulu, irin su Imam Shaɗibi, sun kasa maslahohi gida uku: larura, buƙata, da ƙawa. Babbar talabijin tana cikin na uku. Don haka kafin ka shiga kasuwa, ka amsa waɗannan:

1. Ka sauke wajibi? Abincin iyali, kuɗin haya, kuɗin makarantar yara da haƙƙin iyaye duk suna gabanta. Wanda ya rataya inci 75 a bango alhali uwargida tana karɓo shinkafa bashi a shagon unguwa, ya kifar da tsari.

2. Da kuɗinka ne ko da bashi? Ya tabbata a Bukhari cewa an kawo gawar wani mai bashi, Annabi (SAW) bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Sayen kaya a biya kaɗan-kaɗan ya halatta a wajen jumhur idan an yanke farashi ɗaya tun wajen ciniki. Amma idan an ce duk watan da ka makara za a ƙara maka kuɗi, wannan riba ce.

3. Falonka zai ɗauka? Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa. Mai inci 65 faɗinta ya kusa mita ɗaya da rabi, kuma tana son a zauna nesa da ita kamar mita biyu da rabi. A ƙaramin ɗaki inci 43 ta wadatar.

4. Za ka mori abin da ka biya? Ana tsauwala farashi saboda 4K, alhali yawancin tashoshin da muke kamawa ba da 4K suke watsawa ba. Kallonsa ta intanet kuwa data yake sha ba kaɗan ba. Ga ƙarin cin wuta, wanda mai sola zai gani a batirinsa, ga kuɗin sitabilaiza.

5. Mene ne niyyarka? Idan don maƙwabci ya saya ne, ko don a gani a jeren amarya a yi magana, to kuɗin ya tafi a gasa. Iyaye nawa ne suka ci bashin kayan ɗaki har aka yi suna ba su gama biya ba?

Wanda ya tsallake waɗannan biyar, ya saya, Allah Ya sa albarka. Sai dai ya sa ido kan abin da yara suke kalla, kada kuma wasan ƙwallo ya cinye masa sallar jam'i. Wanda bai tsallake ba ya haƙura da ƙarama, domin hadisin Tirmizi ya nuna kowa za a tambaye shi dukiyarsa: ina ya samo, ina ya kashe.

Wallahu a'alam.