Kafin ka sauke motarka ƙasa, ka san inda taya za ta shiga

"Oga, wata ƙara nake ji a baya idan na ɗauki mutane." Kusan da wannan maganar duk samarin da suka sauke motocinsu ƙasa ke fara yi mini sallama a gareji. Wani ya ce ƙarar sai ya karya kwana take zuwa, wani ya ce sai ya hau tudun rage gudu. Ba na ma buɗe bonet. Durƙusawa nake yi in shafa gefen taya, sai in ji wani layi mai santsi ya zagaye ta, kamar an bi da aska. Bakin fenda ne ke yankar ta a hankali, mai mota kuwa yana can yana ƙara sautin rediyo don kada ƙarar ta dame shi.

Ni ba na cikin masu cewa sauke mota hauka ne. Mota idan ta zauna daidai a kan tayoyinta tana da kyau, kuma idan an yi aikin da ilimi tana rage tangaɗi a kwana. Abin da ke damuna shi ne yadda ake auna aikin. Ana gamawa, sai a tsaya a gefe, mota babu kowa a ciki, sitiyari a miƙe, a zura yatsu biyu tsakanin taya da fenda a ce ai akwai fili. Wannan awon ba ya faɗin komai, domin a tsaye babu tayar da ke gogar bodi. Wannan filin da ke saman taya, wanda matasa ke ganin shi ne munin mota, kamfani bai bar shi don mantuwa ba. Nan ne taya ke shiga idan ta faɗa rami, ko an cika but da kaya, ko an taka birki da ƙarfi nauyi ya koma gaba. Idan ka sauke mota da santimita 5, daga cikin wannan hanyar ka ci santimita 5, kuma ramukan titi ba su ragu ba don kai ka sauke motarka.

Sai kuma a zo kan rim, inda mafi yawan ɓarnar take. Ba kasafai ake sauke mota a bar mata tayoyinta na asali ba. Ana sauke ta ne don a sa manyan rim. Ɗauki Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda muke kira Muscle. Yawancinsu da taya 215/60R16 suka zo. Lamba ta farko faɗin taya ne, milimita 215. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 129. Ta ƙarshe girman rim ne, inci 16. Idan ka haɗa lissafin, tsayin tayar gaba ɗaya milimita 664 ne. To yaro ya je kasuwa ya ga rim 18 yana ƙyalli, mai shago ya haɗa masa da 245/45R18 saboda ita ke gare shi a ajiye. Tsayinta milimita 678 ne, ta fi ta asali da 14, ke nan ta matso kusa da fenda da milimita 7. Faɗinta ya ƙaru da 30, kowane gefe 15.

Akwai kuma lambar da kusan babu mai dubawa, tana bayan rim, an rubuta ET da adadi a gabanta. Ita ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya turo waje idan an ɗaure shi. Na asalin wannan Camry ɗin ET45 ne. Duk yadda lambar ta ragu, haka rim ke fitowa waje. Idan sabon ET35 ne, ya turo da milimita 10. Haɗa da 15 ɗin can, gefen taya ya fito da milimita 25, daidai ƙarƙashin leɓen ƙarfen fenda, a motar da aka riga aka sauke. Me kake jira ya faru? Wanda kuma ya sayi mai lamba babba, tasa matsalar daga ciki take: taya ta riƙa shafar jikin shoka, inda ido ba ya gani sai an ɗaga mota a jak.

Tunda muna kan rim, bari in ratse kaɗan. Camry ɗin nan da Honda Accord ta zamaninta duk ramukan noti biyar gare su masu tazara ɗaya, 5x114.3, shi ya sa ake ɗauka rim ɗin wannan na shiga wancan. Amma ramin tsakiya ya bambanta: na Camry milimita 60.1, na Accord 64.1. Rim ɗin Accord zai shiga Camry, sai dai ba zai zauna daram a tsakiya ba idan ba a sa masa zobe ba, kuma nan ne ake samun sitiyari na rawa a gudu, a yi ta kai wa mai balansin a banza. Mercedes kuwa 5x112 ce. Na sha ganin an faɗaɗa ramuka don a tilasta wa rim shiga. Wanda ya yi maka haka ba gyara ya yi maka ba.

Yadda ake sauke motar ma abin dubawa ne. Hanya mafi arha ita ce a sa giranda a yanke zagaye ɗaya ko biyu na sifirin. Sifirin da aka yanke ba ya zama da kyau a mazauninsa, kuma idan taya ta rataya, misali an hau gefen kwalbati, yana iya gocewa daga wurinsa. Da wuya kuma a yanke na hagu da na dama su zo daidai. Mafi muni shi ne masu sa masa wutar walda har ya yi ja ya lotsa. Wuta na kashe ƙarfin ƙarfen. Zai ci gaba da zaunawa wata bayan wata, wata rana ya karye. A duk hanyoyin nan biyu shokar asali ce ke shan wahala, domin an tilasta mata aiki a ƙarshen tafiyarta. Tana dukan robar da ke tare ta, ta fara yoyon mai, mota ta koma tsalle. Kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus suna ƙera sifirin na sauke mota, kowace mota da nata, kuma na hawan yau da kullum galibi santimita 2 da rabi zuwa 4 suke saukewa, tare da ƙarin tauri don ya rama abin da aka rage. Su da ke da titunan Jamus ke nan.

Mu kuwa motocinmu na gida, yawancinsu daga Amurka aka kawo su, tsakaninsu da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 15 ba tun daga kamfani. Kowa ya san irin tudun da mutanen unguwa ke ginawa da kansu a bakin masallaci ko makaranta, ga kuma abin da damina ke yi wa lunguna. Cire santimita 5 daga wannan, abin da zai fara taɓa ƙasa shi ne salansa ko kwanon baƙin mai na ƙarƙashin inji. Idan kwanon ya tsage mai ya tsiyaye ba ka lura ba, maganar ta tashi daga kuɗin taya ta koma kuɗin inji.

Ko da taya ba ta goga komai ba, sauke mota na canza tsayuwarta. Kan taya na karkata ciki, kuma saitin gabanta na gocewa. Shi ya sa za ka ga taya ta waje sabuwa fil, ka leƙa ciki ka tarar waya ta fito. Dole a yi alaimen bayan aikin, kuma a sake dubawa idan sifirin ya gama zama. A motoci da yawa karkatar tayar baya ba ta saituwa da kayan asali, sai an sayo hannu na musamman mai saiti. Mai alaimen da bai faɗa maka haka ba, kuɗinka kawai ya karɓa.

Ga yadda nake gwada mota kafin in bar ta ta fita. Ina shafa alli a kafaɗar taya ciki da waje. In sa yaran gareji su cika kujerun baya, a ɗora nauyi a but. A murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a yi gaba a yi baya, a hau tudu a karkace yadda taya ɗaya za ta lotsa ita kaɗai. Sannan a ɗaga a duba inda allin ya goge da inda ya bar shaida. Ina kuma duba tiyon birki da wayar ABS, domin su ma kusa da taya suke bi, kuma a wasu motocin akwai damin wayoyi a bayan robar cikin fenda. Masu cire wannan robar su yar don ƙara ta daina ba su san abin da suka tone ba.

Idan gugar kaɗan ce a leɓen fenda, fanel bita mai haƙuri zai iya naɗe leɓen ciki, yana ɗumama fenti don kada ya tsage. Yanke shi da giranda na barin baki mai kaifi da ƙofar tsatsa. Sifesa siririya, wato faifan da ake sawa a bayan rim, da ke cinye tsawon kusoshi har noti ya kama da zare kaɗan, ba na sa ta ko an roƙe ni. Haka nan ɗame ƙaramar taya a kan faffaɗan rim don ta kauce wa fenda: a duba lambar nauyin da ke jikinta, domin 91 kilo 615 take ɗauka, 95 kuma kilo 690, kuma bai kamata a sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ba. Sau da yawa maganin gaskiya shi ne a koma taya mai tsayin da bai bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba, ko a ɗaga motar kaɗan.

Tayar da aka yanka a gefe ba ta facuwa, duk abin da mai faci zai ce maka. Gefen nan shi ne wuri mafi rauni a jikinta, kuma galibi ba a cikin gari take fashewa ba, sai ta ɗau zafi a babbar hanya, mota cike da mutane. Ƙanena, idan ka riga ka sauke taka, yau ɗin nan ka murɗa sitiyari ka shafa gefen tayoyinka huɗu ciki da waje. Idan ka ji layi, ko ka ga zare, kada ka hau hanyar Kaduna da ita sai ka canza ta kuma an gyara abin da ke cin ta.