Lemun Gida a Zafin Afrilu

Uwargida, idan zafin Afrilu ya wuce digiri 40 a Maraɗi, jama'ar unguwar Sabon Gari kan ruga wa lemun kwalba, alhali na gida ya fi kashe ƙishirwa, domin ke ce mai auna sukarinsa. Matse lemun zaƙi 4 da lemun tsami 2, ki daka ɗanyar citta ki tace, ki haɗa da ruwan randa lita 1 da ganyen na'ana'a. Kada ki murje ɓawon lemun, shi ke kawo ɗaci. Wani zai ce tsaminsa ya yi yawa. Ɗan gishiri yana kwantar da tsamin, ya kuma maye wanda gumi ya fitar, ba sai an jibga sukari ba. Ƙanƙara kuwa, in ba ki san ruwanta ba, ki ƙyale ta, sanyin randa ya wadatar.