In Pip Ya Ƙi Aiki

'Yan'uwana masu shirin koyarwa, duk wanda zai koya wa yara harshen Python lalle ya san pip, watau ɗan aiken nan da ke ɗebo kaya daga rumbun PyPI ya girka su cikin kwamfuta. Wani lokaci ya kan ƙi, ya cika allo da jan rubutu. Na lura da yawanmu sai su yi ta sake bugawa har data ta ƙare. Ni shawarata a karanta layukan ƙarshe tukuna, gama a nan dalilin ya ke.

In ka ga externally-managed-environment, ba lalacewa ba ce. Tun 2023, Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka hana pip taɓa Python ɗin da kwamfutar kanta ke aiki da shi. To, sai ka gina wa aikinka ɗaki nasa. Buga python3 -m venv aji, sa'an nan source aji/bin/activate, kana ka sake girkawa. In venv ma ya ƙi, girka python3-venv da apt. Waɗansu su kan ƙara --break-system-packages don gaggawa. Ban yarda da wannan ba, balle a kwamfutar makaranta guda ɗaya wadda aji duka ke jira, domin in sabon kaya ya yi karo da na gida, gyaran ya kan cinye darasin ranar.

In kuwa ya ce No matching distribution found, duba suna. Abin da mu ke kira cv2 cikin aiki, sunansa a rumbu opencv-python ne.