Neman Asalin Kakanni: Ina Za Mu Fara?

Matiyu ya buɗe Linjilarsa da jerin kakannin Ubangijinmu Yesu, tun daga Ibrahim, kashi 3, kowane kashi tsara 14. Bai ɓoye Rahab ko Rut ba, ko da yake baƙi ne a Isra'ila. Amma mu, idan aka tambaye mu sunan mahaifin kakanmu, da yawa sai mu yi shiru. Wannan darasi zai nuna mana inda za mu fara nema.

Da farko, mu gane cewa sunan da muke sawa a bayan namu ba daɗaɗɗen sunan zuriya ba ne kamar na Turawa. A al'adarmu ɗa yakan ɗauki sunan mahaifinsa, jika kuma ya ɗauki na nasa mahaifin, don haka sunan yakan sauya kowace tsara. A makarantun boko na zamanin mulkin mallaka an sha rubuta yaro da sunan garinsu. Haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, da Shehu Shagari. Irin wannan suna yana nuna mana gari, amma masu ɗauke da shi ba lalle su haɗa jini ba.

Sunayen gargajiya kuwa suna ba da labarin haihuwa. Danjuma da Jummai an haife su ran Juma'a. Tanko ya zo bayan 'ya'ya mata, Gambo ya biyo tagwaye, Audi kuwa an haife shi bayan rasuwar mahaifinsa. Wanda ya ga Audi a jerin kakanninsa ya riga ya san cewa akwai maraici a tarihin gidansu.

Na biyu, mu duba littattafan Ikilisiya. A shekara ta 1563 Majalisar Tirent ta umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure. Fadannin SMA da suka iso Shendam a 1907 sun zo da wannan ƙa'ida. A littafin baftisma akan sami sunan mutum, da iyayensa, da uban baftisma ko uwar baftisma, da ranar da aka yi, sau da yawa har da bayanin aurensa a gefen shafi. Mu nemi tsohuwar mishan wadda ƙauyenmu yake ƙarƙashinta a dā, gama littafin yana can. Mu lura kuma, Bature yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana ajiye da rahotannin gundumomi, inda za a iya samun labarin ƙaurar ƙauyuka da sarautunsu.

Na uku, wanda ya fi gaggawa, shi ne tsofaffinmu. Takarda tana iya jiran mu, tsoho ba zai jira ba. Mu zauna da su, musamman gwaggo da kaka, mu tambayi garin da aka taso, da dalilin ƙaura, da sana'ar gida, da ma'anar zanen fuska, da kirarin dangi. Mu rubuta kome yadda aka faɗa, har da abin da ba shi da daɗin ji, kamar bauta ko yunwa. Kada mu raina kakannin da suka rasu ba su ji Bishara ba, gama ta wurinsu ne Allah ya ba mu rai.

Kowane gida ya sayi littafin rubutu guda a wannan wata, ya fara da sunayen da aka sani. Sa'an nan mu kawo sunayen nan a yi musu addu'a a Misa ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da dukan matattu. Allah ya ba su hutawa ta har abada. Amin.