Darasi na 18: Wace lamba ce ta fi yawan fitowa?

Mu karanta

Malam Isufu yana sayar da takalman roba a kasuwar Maradi. Salla ta ƙarato, kayansa sun kusa ƙarewa. Yana son ya saro wasu, amma jarinsa ba shi da yawa. In ya saro takalman da ba sa shiga ƙafar mutane, kuɗinsa za su kwanta cikin buhu.

Ɗiyarsa Hadiza tana aji biyar. Ranar Litinin ta zauna a rumfa da kaye da bik. Duk wanda ya sayi takalmi, sai ta rubuta lambar takalmin. Mutum 15 suka saya. Ga abin da ta rubuta:

38, 36, 40, 38, 37, 39, 38, 41, 37, 38, 36, 39, 38, 37, 40

Malam Isufu ya duba ya ce: «Hadiza, lambobin nan a hargitse suke. Wace zan fi sarowa?»

Hadiza ta ce: «Baba, bari in jera su.»

Mu lura

Da farko ta rubuta kowace lamba sau ɗaya, daga ƙarama zuwa babba. Sa'an nan ta bi jerin, tana jan sanda ɗaya a gaban lamba duk lokacin da ta gamu da ita. Daga ƙarshe ta ƙidaya sandunan.

36: sau 2
37: sau 3
38: sau 5
39: sau 2
40: sau 2
41: sau 1

Don ta tabbata ba ta tsallake kowa ba, ta tara: 2 + 3 + 5 + 2 + 2 + 1 = 15. Lissafi ya cika.

Lamba 38 ta fito sau 5. Babu wadda ta kai ta. Ita ce Malam Isufu zai fi sarowa, sai 37 ta bi mata.

Mu riƙe

Abin da ya fi yawan fitowa cikin jeri shi ne *mai rinjaye*. Da Faransanci ana ce masa *le mode*.

Ku yi hattara, yara! Mai rinjaye ba shi ne mafi girma ba. Lamba 41 ta fi girma, amma mutum ɗaya kaɗai ya saye ta. Kuma amsar 38 ce, ba 5 ba. Biyar ɗin tana nuna sau nawa 38 ta fito.

Wani lokaci masu rinjaye biyu ne. A jerin 8, 9, 9, 10, 10, 11, da 9 da 10 kowace ta fito sau 2. In kuwa kowace lamba sau ɗaya ta fito, babu mai rinjaye.

Ba lambobi kaɗai ake nema wa mai rinjaye ba. Ana nema wa sunaye, launuka, da amfanin gona.

Aikin yi

1. Ga shekarun ƴan wani aji: 9, 10, 9, 11, 10, 9, 12, 9, 10. Ku nemo mai rinjaye.
2. Inna ta tambayi kuɗin tiyar hatsi wajen mutum 7. Ga abin da suka ce, da dala: 100, 110, 100, 120, 110, 100, 130. Wane kuɗi ne ya fi yawan fitowa? Dala ɗaya tamma 5 ce. Tamma nawa ke nan?
3. Ga abin da aka shuka a gonaki 8: hatsi, wake, hatsi, dawa, gujiya, hatsi, dawa, hatsi. Mene ne mai rinjaye?
4. Kowa ya tambayo iyayensa ranar da aka haife shi, daga Lahadi zuwa Asabar. Gobe ku rubuta ranakun a allo, ku ja sanduna. Wace rana ce ta yi rinjaye a ajinku?