Daga Barnawa Zuwa Bakin Dandamali: Yadda Ake Zuwa Kallon Wasan Daɓe a Kaduna

Garin da Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero suka yi tashe a cikinsa bai kamata yaransa su girma ba su taɓa ganin ɗan wasa ido da ido yana zufa a kan dandamali ba. Tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, nan ya zama tukunyar da aka daɗe ana dafa wasan kwaikwayon Hausa ana rarraba wa Arewa. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Alhaji Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023, Allah ya jiƙansu. Wasan daɓe kuwa yana nan da ransa, shelarsa ce ba ta cika kai wa kunne ba. Mu mazauna Kakuri da Barnawa da Narayi da Television da Unguwar Romi da Sabon Tasha muna da ƙarin aiki guda: yawancin manyan wuraren taro suna tsallaken kogi. Ga yadda ake tafiyar, har da tsoho ko mai buƙata ta musamman, don shi ne aka fi bari a gida.

Mataki na ɗaya: nemo labarin wasan

Ba kullum ake wasa ba, saboda haka sai ka kasa kunne. Wuraren da aka saba haɗa irin wannan taro sun haɗa da Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogi, inda tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru take, da babban ɗakin taro na Umaru Musa 'Yar'aduwa a Dandalin Murtala. Ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Jihar Kaduna sukan nuna wasannin jarrabawarsu, kuma kada ka raina su. Bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017 yakan zo da waƙe da nune-nune. Ranar 27 ga Maris kuma ita ce ranar wasan kwaikwayo ta duniya, da wuya makon ya wuce 'yan wasa ba su motsa ba.

A wannan gefen namu ma akwai abin kallo. Majami'u kan shirya wasa lokacin Kirsimeti da Ista, makarantu kan yi nasu ranar rabon kyaututtuka, ƙungiyoyin Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi kan fito da raye-rayensu a ranakun al'ada. Ka saurari sanarwar rediyo, ka duba Facebook da WhatsApp, ka ajiye hoton takardar tallan a wayarka don lambar masu shiryawa.

Mataki na biyu: buga waya kafin ka sa takalmi

Nan ne tafiya take gyaruwa ko ta lalace. Kira kwana biyu kafin ranar, ka yi magana filla-filla: “Malam, zan zo da Baba, a keken guragu yake. Matakala nawa ce daga ƙofa zuwa wurin zama? Akwai gangarar da keke zai bi?” Kada ka yarda da “ba matsala, ku dai zo”. Mai faɗin haka yana nufin alheri, amma sau da yawa abin da ke ransa shi ne samari huɗu za su ɗaga keken sama da mutum a ciki, jama'a na kallo. Dattijo da yawa sun gwammace su zauna a gida da a yi musu haka, kuma da gaskiyarsu.

Tambayi faɗin ƙofar banɗaki, ko keke zai shige. Tambayi ko mota za ta iya kaiwa bakin zaure ta sauke mutum. Idan kurma za ka raka, tambayi ko an tanadi tafintan maganar hannu. Idan babu, nemi a ba ka labarin wasan a taƙaice ka tura masa ya karanta tun a gida. Idan makaho ne, nemi kujera biyu a jere kusa da gaba. Ka kuma tambayi harshen wasan, Hausa ne ko Turanci ko gauraye, da ko ya dace da yara.

Ka yi tambayoyin nan da ladabi, amma ba da muryar mai roƙo ba. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024. Dokar ta ce a fara sallamar su a layi. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. A Kakurin nan tamu cibiyar koya wa masu buƙata ta musamman sana'a take. Maƙwabtanmu ne, ba baƙi ba.

Mataki na uku: zaɓi gada, ka fita da wuri

Daga Kakuri ko Television, titin Kachia zai kai ka shataletalen Station, ka haye tsohuwar gada ta wajen filin wasa na Ahmadu Bello. Mutanen Barnawa da Narayi suna da sabuwar gadar da ta haɗa titin Aliyu Makama da Kabala Costain. Na Kamazou da Sabon Tasha kuwa titin Yakowa ya fi musu sauƙi. Da yamma, lokacin tashi daga aiki, bakin gada kan cushe, don haka ƙara awa guda a kan lissafinka.

Mai keken guragu, shatar Keke Napep ta fi masa bas. A naɗe kekensa a ɗaure a baya, a daidaita kuɗin zuwa da dawowa tun kafin a hau, a karɓi lambar direban. Wani abu da ido ba ya lura da shi sai ranar da aka tura keke: kwalbatin da ke tsakanin titi da ƙofa. Murfi ɗaya da ya karye ya isa ya tsayar da tafiya. Sauka kai kaɗai tukuna, ka duba inda taya za ta bi, sannan a sauko da mutum.

Da damina, musamman Agusta da Satumba, riƙe lema idan a fili za a yi wasan. Da hunturu, bakin kogi akwai sanyi bayan magariba. Ɗauko wa tsoho mayafi.

Mataki na huɗu: a ƙofa

Riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don tiransifa takan maƙale. Ajiye babbar jaka a gida saboda bincike. Ka isa rabin awa kafin lokaci ko da ka san ba za a fara a kan kari ba, domin wanda ya riga zuwa shi ke zaɓar wuri. Mai keke, a nema masa bakin layi inda ƙasa take a shimfiɗe kuma babu mai tsaya masa a gaba, kai kuma ka zauna dab da shi. Kurma, inda zai ga fuska da leɓen 'yan wasa. Jariri da tsoho, nesa da lasifika. Duba ƙofar fita tun da haske. Idan wasan zai ratsa magariba, san wurin alwala da salla tun yanzu.

Mataki na biyar: an ɗaga labule

Kashe ƙarar waya. Kada ka haska fitila a fuskar ɗan wasa, kada ka ɗauki wasan gaba ɗaya ka watsa. Guminsu ne, da shi suke cin abinci. Dariya da tafi da guɗa kuwa, sake jiki ka yi. Ɗan wasan daɓe yana jin ka, kuma da amsawarka yake ƙara wuta. Abin da fim ba zai taɓa ba ka ba ke nan.

Mai raka makaho yana da aiki mai daɗi. Kada ka maimaita masa abin da aka faɗa, kunnensa ya fi naka. Abin da ba a furta ba shi za ka raɗa masa a gajarce: “Ta ɓoye takardar a zani.” “Ya tsaya a bayan ƙofa, yana jin su.” Sai ka ji ya riga kowa fashewa da dariya. Idan wuta ta ɗauke, zauna inda kake har a tada janareta.

Mataki na shida: dawowa

Bari turmutsutsun ƙofa ya lafa kafin ka tura keke. Kira direbanka tun wasa na gab da ƙarewa, don abin hawa mai tsallaka kogi yakan yi wuya idan dare ya yi. Kafin ka fita, nemi mai shirya wasan ka gode masa, ka gaya masa a fili abin da ya ba ku wuya, matakala ce ko banɗaki. Katako biyu masu ƙwari sun isa su zama gangara kafin wasa na gaba.

Idan kallon ya shige ka, wata rana ka kama hanyar Zariya, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai gidan wasa na ginin ƙasa irin na Hausa, wanda aka yi tun shekarun 1970, 'yan kallo na zaune kusa da 'yan wasa har suna jin numfashinsu.

Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 kogin nan ya raba mana unguwanni fiye da yadda ya kamata, kuma zauren wasa yana cikin 'yan wuraren da ɗan Tudun Wada da ɗan Unguwar Romi suke zama kafaɗa da kafaɗa suna dariyar abu ɗaya. Saboda haka idan ka ji shelar wasa na gaba, sayi tikiti biyu, ka ƙwanƙwasa ƙofar wanda aka saba bari a gida, ka ce ya shirya.