Yadda yaro ke zama likitan ƙananan dabbobi

Jama'a manoma da makiyaya, kowa ya san likitan shanu da ke zuwa rigakafi. To, akwai kuma wanda aikinsa ya fi ƙarfi a kan kare da kyanwa. A ƙasarmu shi ne kuma ake kai wa kaji da awaki, don likitocin ba su da yawa.

Hanyar tana da tsawo. Yaro zai yi shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, ya samu bak ta fannin kimiyya. Dole ya riƙe lissafi da ilimin halittu da kyau. Daga nan da yawa daga cikin ƴaƴan Nijar suna tafiya Dakar, ƙasar Senegal, babbar makarantar likitocin dabbobi da aka kafa a 1968, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka haɗu suka mallake ta. Wasu suna zuwa jami'ar Sakkwato ko ta Zariya. Karatun kamar shekara 6 ne. Ana koyon sassan jikin dabba, da cututtuka, da magani, da fiɗa. Dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo, saboda haka sai ɗalibi ya koyi dubawa da ido da hannu.

Wanda bai kai can ba yana iya shiga makarantar Kollo, ya fito ma'aikacin kiwo. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

In ya ƙare, ko ya shiga aikin gwamnati, ko ya buɗe wurinsa da izinin hukuma.

Wani zai ce: kare ma sai an yi masa likita? I, saboda haukan kare. Cutar tana shiga jikin mutum ta cizo, kuma yara sun fi faɗawa hannunta. In alamunta suka bayyana, kusan ba a tashi. Allurar da likita ke yi wa kare tun yana da wata 3, a riƙa sabunta ta, ita ke tsare gidan duka.

In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Kada a jira ciwon ya nuna. Karen kuma a ɗaure shi, a kira likitan dabbobi ya duba shi.